Kaurin waya da girman bireka ga na'urori masu jan wuta sosai: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga masu gida, masu shago da masu koyon wayarin, duk lokacin da za a haɗa esi, hitar ruwa, murhun lantarki, famfon burtsatse, injin walda ko injin niƙa. Lissafin ya ginu a kan wutar Najeriya: bolt 230 a fes ɗaya, bolt 400 a fes uku. Duk inda aka ce waya ba tare da ƙarin bayani ba, ana nufin wayar jan ƙarfe mai rigar PVC.

1. Mene ne aikin bireka? Na'ura yake karewa ko waya?

Waya yake karewa. Wannan ita ce maganar da sauran amsoshin duka suka rataya a kanta. Wuta in tana bin waya tana ɗumama ta, kuma zafin ba ya ƙaruwa daidai da ƙaruwar amfiya, wato ma'aunin yawan wutar da ke bin waya: in amfiya ta ninka biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa. Rigar PVC an yi ta ne don ta jure digiri 70. Da zarar an wuce nan sai ta fara laushi, daga baya ta bushe ta tsattsage, wata rana layif da nutural su haɗu a cikin bango ko a saman silin. An sa bireka ne domin ya katse wuta kafin a kai ga haka.

Saboda haka akwai jeri na lambobi uku da ba a saɓa masa. Amfiyar da na'ura ke ja kada ta wuce lambar bireka, lambar bireka kuma kada ta wuce abin da waya za ta iya ɗauka a wurin da aka shimfiɗa ta. Na'ura mai jan amfiya 13, bireka 16, waya mai ɗaukar 20: daidai ke nan. In aka sa bireka 32 a kan wannan wayar, to wayar ce ta koma fis, ita za ta ƙone bireka yana tsaye.

2. Ta yaya zan san amfiya nawa na'urata ke ja?

A duba farantin bayanai da ke manne a jikinta, galibi ta baya ko ta gefe. In an rubuta lamba da harafin A, ita ce amfiyar. In wat kawai aka rubuta, a raba shi da 230. Hita mai wat 2000 tana jan amfiya 8.7, butar lantarki mai wat 2200 tana jan 9.6, hita mai wat 5500 tana jan kusan 24.

Wannan rabawa tana fita daidai ga abubuwan da aikinsu ɗumamawa ne kawai, irin su hita, dutsen guga da murhu. Ga duk abin da ke da moto a ciki, ba ta wadatarwa. Ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne, amma wannan shi ne ƙarfin da moton ke bayarwa, abin da yake sha daga layi ya fi haka. Famfo mai doki ɗaya da rabi, a lissafin rabawa amfiya 5 zai nuna, alhali a faranti sai a ga 8 ko 9. Lambar faranti ake bi. In farantin ya goge, a auna da mitar da ake matse waya da bakinta, lokacin da na'urar ke cikin aiki sosai.

3. Me ake nufi da waya 2.5, waya 4, waya 6? Kowacce amfiya nawa take ɗauka?

Lambar tana nuna faɗin fuskar jan ƙarfen da ke ciki in an yanke shi, da murabba'in milimita, ba kaurin waya tare da rigarta ba. Ƙa'idar BS 7671 ta Ingila, wadda aikin wayarin a Najeriya ya daɗe yana bi, ta ba da waɗannan lambobi ga wayoyi biyu na fes ɗaya a cikin bututu, a zafin digiri 30: waya 1.5 amfiya 17.5, waya 2.5 amfiya 24, waya 4 amfiya 32, waya 6 amfiya 41, waya 10 amfiya 57, waya 16 amfiya 76, waya 25 amfiya 101. A fes uku lambobin sun ɗan sauka: 21 ga 2.5, 28 ga 4, 36 ga 6, 50 ga 10, 68 ga 16.

Kada a ɗauki waɗannan lambobi a je kasuwa da su kai tsaye. Sai an rage su, kamar yadda tambaya ta 4 ta nuna.

4. Me ya sa za a rage? Ai littafi ne ya faɗa.

Littafi ya faɗa a kan digiri 30. A Sakkwato, Maiduguri, Kano ko Damagaram, daga Maris zuwa Mayu zafin inuwa kan wuce digiri 40, tsakanin silin da kwanon rufi kuwa da tsakar rana ya kan haura 50. Wayar da ta riga ta yi zafi tun kafin wuta ta bi ta ba ta da sauran fili mai yawa kafin ta kai 70. Ƙa'idar ta ce a ninka lambar waya da 0.94 a digiri 35, da 0.87 a digiri 40, da 0.79 a digiri 45, da 0.71 a digiri 50. Abin takaici shi ne lokacin da ake wannan zafi shi ne lokacin da esi ke yini yana aiki ba hutu.

Ragi na biyu na cunkoso ne. Layuka biyu a bututu ɗaya suna ɗumama juna, sai a ninka da 0.80, layuka uku 0.70, huɗu 0.65. Ɗauki waya 2.5: a digiri 40 ita kaɗai a bututu tana ɗaukar kusan amfiya 21, ta dace da bireka 16 ko 20. A saman silin mai digiri 50 ta koma 17, bireka 16 kawai. In layukan esi uku aka cusa a bututu ɗaya a digiri 40, kowanne ya koma 14.6, ko bireka 16 ya fi ƙarfinsa. A nan ko a raba bututu ko a hau waya 4.

Ga abin da ya fito a zafin digiri 40, layi ɗaya a bututu: waya 1.5 bireka 10, waya 2.5 bireka 16 ko 20, waya 4 bireka 25, waya 6 bireka 32, waya 10 bireka 40, waya 16 bireka 63. In layin zai bi ta saman silin, a hau kauri ɗaya ko a sauka bireka ɗaya. Waya 4 a kan bireka 32, wanda ake gani a gidaje da dama, ba ta da rarar komai ko a digiri 30 ɗin.

5. Mene ne B, C da D da ake rubutawa a gaban lambar bireka?

Bireka yana da hanyoyin katsewa biyu. Ɗaya ta zafi ce: wani siririn ƙarfe a ciki yana lanƙwasa a hankali in lodi ya yi yawa. Ba ya faɗuwa nan take. Bireka 16 zai iya ɗaukar amfiya 18 na awa guda bai motsa ba, a amfiya 23 kuwa dole ya faɗi cikin awa guda. Ta biyu ta maganaɗisu ce, mai katsewa cikin ƙiftawar ido in wayoyi sun haɗu. Harafin yana nuna inda wannan ta biyun ke farawa: B daga ninki 3 zuwa 5 na lambarsa, C daga 5 zuwa 10, D daga 10 zuwa 20.

Hita da murhu ba sa fizgar wuta wajen tashi, B ko C duk sun yi. Esi, firiza da famfo suna buƙatar C. Babban moto da injin walda mai taransfoma su ne na D. Sai dai D ba abin sawa ko'ina ba ne: D32 na iya buƙatar amfiya 640 kafin ya katse nan take, kuma a ƙarshen doguwar siririyar waya ko a kan ƙaramin janareta wutar haɗuwa ba za ta kai haka ba. Akwai kuma wata lamba a cikin ɗan akwati, 4500 ko 6000 ko 10000, wadda ke nuna mafi girman wutar haɗuwa da zai iya katsewa bai fashe ba. Ga gida 6000 ta wadatar. Wanda ke dab da taransfoma ya nemi 10000.

6. Bireka yana ta faɗuwa. In sa babba?

A'a, sai an gano dalili. In yana faɗuwa bayan minti goma ko ashirin ana aiki, lodi ne ya yi yawa. A auna amfiyar, a rage kaya ko a ja sabon layi. In yana faɗuwa a daidai lokacin da kwamfiresa ta tashi, ko dai B aka sa inda C ya kamata, ko kafasitar tashi ta mutu, ko wuta ba ta da ƙarfi kamar yadda ke tambaya ta 13. In yana faɗuwa da an ɗaga shi ko da an kashe komai, wayoyi sun haɗu a wani wuri. In kuma jikinsa na zafi alhali amfiyar ba ta kai ba, sukurun bakinsa ne bai ɗauru ba, zafin wurin ke ruɗarsa.

Ana ƙara girman bireka ne kawai in wayar da ke bayansa, daga allon rarraba wuta har na'ura, za ta ɗauki sabuwar lambar bayan ragin tambaya ta 4. Haka nan fis ɗin da ya tsinke ba a ɗaure shi da duk wayar da aka tsinta.

7. Esi wace waya da wane bireka yake so?

Mai doki ɗaya kan ja amfiya 4 zuwa 5, mai ɗaya da rabi 5 zuwa 7, mai doki biyu 8 zuwa 9. Dukansu waya 2.5 da C16 sun ɗauke su, kowanne da layinsa daga allon rarraba wuta, da makunni mai amfiya 20 mai katse layif da nutural tare. Ga mai doki biyu da ke nesa da allo, ko layin ya bi ta silin, waya 4 ta fi. Manyan na tsaye masu doki uku zuwa sama a bi farantinsu. Da yawa masu doki biyar fes uku ne.

Esi irin na da yana fizgar ninki biyar zuwa bakwai na amfiyarsa a ɗan lokacin tashi, shi ya sa fitilu ke lumshewa. Mai inbata yana tashi a hankali, ba ya wannan fizga, amma wannan bai ba da damar rage masa waya ba, don da tsananin zafi ya kan ja har iyakar abin da farantinsa ya faɗa. Haɗa esi biyu a layi ɗaya na 2.5 kuskure ne, haka ma jawo masa wuta daga soket ɗin ɗaki.

8. Hitar ruwa fa?

Iri biyu ce, kuma bambancinsu babba ne. Mai tanki, wadda ke tara lita 15 ko 30 ko 50 ta ɗumama a hankali, galibi wat 1500 zuwa 2000 ce: waya 2.5, bireka 16, makunni mai amfiya 20 a wajen banɗaki. Marar tanki, mai ɗumama ruwa yana wucewa, ƙarama ce a ido amma ta fi esi uku jan wuta. Mai wat 5500 tana son bireka 25 da waya 4, ko 6 in ta silin za a bi. Mai wat 7000 tana jan amfiya 30.4: bireka 32 da waya 6, ko 10 ta silin. Wanda ya cire mai tanki ya maƙala marar tanki a kan tsohon layin 2.5 ya ɗora amfiya 24 ko 30 a kan wayar da iyakarta 21.

Kowacce iri ce, dole a haɗa mata wayar ƙasa, wato wadda ke kai wutar da ta tsere zuwa cikin ƙasa, da na'urar da ke tambaya ta 15.

9. Murhun lantarki mai kai huɗu da tanda ya kai wat 8000. Sai na sa bireka 40?

A gida ba lallai ba ne, domin kawunan suna kunna kansu suna kashewa, ba kasafai duka ke ja a lokaci guda ba. Ƙa'idar ta ba da wannan lissafi: wat 8000 amfiya 34.8 ne, a ɗauki 10 ta farko cikakkiya, a ƙara kashi 30 cikin ɗari na sauran 24.8, wato 7.4, a ƙara 5 in makunnin murhun yana da soket a jikinsa. Jimla 22.4. Waya 6, bireka 32 da makunnin murhu mai amfiya 45 sun wadatar. A Nijar, inda ake bin tsarin Faransa, ƙa'idar NF C 15-100 ita ma waya 6 da bireka 32 ta ware wa murhu.

Wannan sauƙi na girkin gida ne kawai. Gidan abinci ko wurin gasa burodi da kek, inda komai ke kunne tun safe, sai a ɗauki 34.8 ɗin gaba ɗaya: bireka 40, waya 10.

10. Nisan waya yana da tasiri? Famfon burtsatsena yana nesa da allo.

Yana da shi ƙwarai, kuma a doguwar tafiya shi ke yanke hukunci, ba zafi ba. Kowace mita ta waya tana cinye ɗan ƙarfin wuta. A fes ɗaya, ga kowace amfiya a kowace mita ta tsawon hanya, waya 1.5 na cinye milibolt 29 (milibolt 1000 ne bolt ɗaya), waya 2.5 na cinye 18, waya 4 na cinye 11, waya 6 na cinye 7.3, waya 10 na cinye 4.4, waya 16 na cinye 2.8. An riga an haɗa zuwa da dawowa a cikin lambobin. Iyakar da aka yarda ita ce kashi 5 cikin ɗari ga na'urori, wato bolt 11.5, da kashi 3 ga fitilu.

Ɗauki famfo mai jan amfiya 9, mita 30 daga allo zuwa bakin rijiya, mita 60 zuwa ƙasa: mita 90 ke nan, don wayar da ke cikin rijiyar ma ana ƙirga ta. Da waya 2.5: 18 sau 9 sau 90, a raba da 1000, bolt 14.6. Ya wuce iyaka, duk da cewa amfiya 9 ba komai ba ce ga kaurinta. Da waya 4: bolt 8.9, ya yi. Bireka kuwa yana nan a C16, ba a ƙara shi don an ƙara waya. Famfon da wuta ba ta isa gare shi da ƙarfi yana wahalar tashi, ya yi gunji, ya ɗau zafi, naɗinsa ya ƙone, kuma ciro shi daga mita 60 ya fi kuɗin bambancin wayar nesa ba kusa ba. Duk mahaɗin da zai shiga ruwa a rufe shi da kayan haɗi na musamman masu hana ruwa, salatif kaɗai ba ya riƙewa.

11. Injin niƙa ko na casa mai fes uku, yaya lissafinsa?

A bolt 400, moto na jan kusan amfiya 2 ga kowane kilowat. Mai doki 10, wato kilowat 7.5, yana jan kusan 15 a kowane fes. Waya 6 mai ɗaukar 31 a digiri 40, da bireka 25 mai ƙafa uku irin D, sun dace in kai tsaye ake tayar da shi. In da sita-delta ake tayarwa, wato moton ya fara da ƙaramin ƙarfi kafin a sakar masa cikakke, fizgar tashi tana sauka zuwa kashi ɗaya cikin uku, C25 ya isa.

Bireka 25 ba zai kare moto mai amfiya 15 ba; zai iya jan 22 yini guda yana dahuwa bireka bai sani ba. Moto yana buƙatar kwantakta, wato makunnin da ke kunna shi da kashe shi, da obalod, wato na'urar da ke katse shi in ya ja wuta fiye da kima, wanda aka saita a daidai lambar faranti. In obalod ɗin na cikin reshen delta ne, ana saita shi a 0.58 na lambar, kusan 8.7 a wannan misali. A ƙara da na'urar da ke katsewa in fes ɗaya ya ɗauke, domin moton da ke juyawa a kan fes biyu ba ya daɗewa. Bireka uku masu ƙafa ɗai-ɗai ba sa maye gurbin ɗaya mai ƙafa uku, saboda ɗaya na iya faɗuwa biyu su tsaya.

12. Injin walda yana narkar da soket. Me ya kamata?

Filogi mai baki uku mai kusurwa iyakarsa amfiya 13, kusan wat 3000. Injin walda na inbata mai amfiya 200, in an buɗe shi sosai, ya kan ja sama da 30 daga layi. A farantinsa akwai lambobi biyu: I1max, mafi yawan abin da yake ja, da I1eff, matsakaici in an lissafa hutun da ke tsakanin walda. Da ta biyun ake zaɓen waya, ta farkon kuma ita ke nuna ko bireka zai jure. A mafi yawan shaguna amsar ita ce layi na musamman da waya 6, C32, da shuɗin soket na masana'anta mai amfiya 32. Tsohon inji mai taransfoma zai so D. In za a ja doguwar waya zuwa wurin aiki a yi lissafin tambaya ta 10, kuma a warware ta gaba ɗaya, don wayar da ke naɗe ba ta fitar da zafinta.

13. In wuta ta zo ba ƙarfi, me ke faruwa da waya?

Hita da murhu sai su rage ja, su yi sanyi, ba illa. Moto kuwa ƙara ja yake yi don ya cika aikinsa. Inda aka fi mantawa shi ne sitabilaiza: ba ta ƙirƙirar wuta, amfiya take ƙara sha ta mayar da ita bolt. Kaya masu wat 2000 a bolt 230 amfiya 8.7 ne, in wutar da ke shigowa ta faɗi zuwa 140, sitabilaizar za ta ja sama da 14 ta ɓangaren shiga. Don haka wayar da ke shiga cikinta da birekanta ana lissafa su da mafi ƙarancin bolt ɗin da ake samu a unguwar, ba da 230 ba.

14. Ta yaya zan gane wayar da aka rage mata jan ƙarfe?

Duk lissafin da ke sama ya rushe in abin da aka rubuta a jikin waya ba shi ke ciki ba. A auna da ma'aunin kauri: waya 1.5 mai zare ɗaya milimita 1.38 ce, 2.5 kuma 1.78. Waya 4 zare bakwai ce kowanne 0.85, waya 6 kowanne 1.04, waya 10 kowanne 1.35, waya 16 kowanne 1.70. A kankare zaren da wuƙa: in cikinsa fari ne, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe. A ɗaga naɗin a ji nauyi, domin jan ƙarfen da ke cikin mita 100 na waya 2.5 shi kaɗai ya kai kilo 2.2, alminiyom mai wannan kauri bai cika kilo ɗaya ba. Mai mita mai kyau ya auna turjiya: mita 100 na 2.5 kusan om 0.74, na 4 kusan 0.46, bayan ya cire ta wayoyin mitar. A nemi alamar NIS ta hukumar SON da sunan kamfani a jikin rigar, a kuma tabbatar da tsawon naɗin.

Alminiyom na gaskiya da ake jawo wuta da shi daga turke ba jabu ba ne, sai dai yana kai kashi 61 ne kawai cikin ɗari na abin da jan ƙarfe ke kaiwa, don haka 16 na jan ƙarfe sai 25 na alminiyom. Ba a murɗa su tare da hannu. Mahaɗin yana cin kansa ya yi zafi. Akwai maƙalai na musamman masu ƙarfe biyu don wannan. Kayan da aka shigo da su daga Amurka kuma da ma'aunin AWG suke zuwa, inda ƙaramar lamba ke nufin kauri: 14 kusan 2.1 ce, 12 kusan 3.3, 10 kusan 5.3, 8 kusan 8.4.

15. Bireka zai hana wuta jan mutum?

Ba zai hana ba. Amfiyar da ke kashe mutum ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba, bireka 16 ko jin ta ba zai yi ba. Abin da ke kare rai shi ne wayar ƙasa tare da RCD mai miliamfiya 30 (miliamfiya 1000 ne amfiya ɗaya), wanda ke gwada wutar da ta fita ta layif da wadda ta dawo ta nutural, in sun bambanta ya katse. Hita, famfo, injin wanki da soket ɗin waje duk suna buƙatarsa. Lambar 40 ko 63 da ke jikinsa tana nuna abin da zai iya ɗauka ne kawai, ba ya katsewa don lodi, sai an haɗa shi da bireka, ko a sayi RCBO wanda ya haɗa aikin biyu. A danna maɓallin gwajinsa duk bayan 'yan watanni.

Wayar ƙasa kaurinta daidai da na layif har zuwa 16. Daga 16 zuwa 35 a sa 16. Sama da haka rabin layif.

16. Wayar batirin inbata me ya sa take da kauri haka?

Saboda bolt ɗin kaɗan ne, amfiyar ta yi yawa. Inbata mai wat 3000 a kan bolt 24 tana jan kusan amfiya 140 daga batir in an haɗa da asararta: waya 50, ko 35 mai laushi in gajeriya ce a sarari. Wat 3000 ɗin a kan bolt 48 kusan 70 ne, waya 25 ta yi. Mai wat 5000 a bolt 48 tana jan kusan 115: waya 35 da bireka ko fis 125. A taƙaita tsawon, a matse kawunan da abin matsewa, kada a bubbuga da guduma.

Birekan da za a sa a nan dole ya zama na DC, wato na irin wutar batir, a dab da batir. Wutar layi tana ratsa sifili sau ɗari a daƙiƙa, wannan ke taimaka wa bireka kashe tartsatsi. Ta batir ba ta yin haka, birekan gida na iya ci da wuta a maimakon ya katse.

17. An sa waya da bireka daidai, amma makunni ya yi baƙi ya narke. Me ya jawo?

Kusan kullum mahaɗi ne. Sukurun da bai ɗauru ba, zaren da aka yanke biyu ko uku don wayar ta shiga rami, ko sukurun da ya danne riga maimakon jan ƙarfe, kowanne yana tara zafi a wuri ɗaya, kuma bireka ba ya ganin wannan domin amfiyar ba ta ƙaru ba. Alamunsa warin roba, fuskar makunni mai ɗumi, ko ƙarar tsattsaka. A kashe babban makunni, a gwada a tabbatar ba wuta, a yanke wayar har inda jan ƙarfen ke sheƙi, a sa sabon makunni mai lambar da ta kai ta bireka. Bayan makonni kaɗan da fara aiki a sake ɗaure sukurorin layukan masu nauyi.

18. Na ƙara esi biyu da hita. Babban layin gidan zai ɗauka?

A tara abubuwan da za su iya aiki a lokaci guda. Esi biyu masu amfiya 6, ɗaya mai 9, hita 8.7, famfo 9, murhu 22, firiji da fitilu da fankoki kusan 6: jimla ta doshi 67. Ta wuce babban bireka 63 da waya 16, kuma mitocin fes ɗaya da yawa iyakarsu 60 ko 80 ce, an rubuta a fuskarsu. A duba kowane abu da ke kan hanyar: wayar turke, fis ɗin kamfani, mita, cenji-oba, da wayar da ke shiga allo. Cenji-oba mai amfiya 32 da aka sa tun gidan na da fitilu da fanka kawai shi ne ya kan fara ƙonewa.

In jimlar ta kai nan, a nemi fes uku daga kamfanin rarraba wuta na yankin, KEDCO ga Kano, Katsina da Jigawa, Kaduna Electric ga Kaduna, Zamfara, Sakkwato da Kebbi, NIGELEC a Nijar, a raba kayan a kan fes ɗin daidai gwargwado. Mita da fis ɗin da ke gabanta na kamfani ne, ba a taɓa su. Aikin babban allo kuma na mai wayarin da ke da shaidar hukumar NEMSA ne, wanda zai gwada rigar wayoyi da sandar ƙasa da na'urar gwaji kafin a mayar da wuta.